Kafin Ayi Ta Yi Wanka

Yayata Mathura ta dawo garinmu Satara daga ƙasar Turawa da shaidar likita, amma shaidar ba ta shigar da ita ɗakin girkin gidanmu ba. Mu Birahman ne, dangin masu jagorantar ibada, kuma a wajenmu wanda ya ƙetare teku ya ƙazantu, balle wadda ta tsaga gawa da hannunta. Manyan dangi suka ce ta yi tsarki ta bar aikin. Ta ce tsarki dai za ta yi, aiki kuwa ba ta bari. Sai ta kama ɗaki kusa da asibitin mata. In ta zo gida, a baranda ake ajiye mata shinkafa kan ganyen ayaba, in ta tashi a shafe wurin da kashin shanu don tsarkake shi. Ni ce mai shafewar, ina yi ina jin haushin kowa.

Ba abincin ne ke cin ran Akka ba, haka nake kiran yayar tawa. Mahaifiyarmu ce, Ayi. Tun saukar Akka daga jirgi Ayi ba ta kai hannu ko gefen zanenta ba, alhali matan gari layi suke yi don Akka ta duba su. Nakan kama ta tana bin hannuwan Ayi da kallo sa'ad da take tsince shinkafa, sai tausayi ya kama ni in kau da kai.

Ana nan sai Ayi ta fara kukan gwiwa.

"Godu, je ki kira mini likitar nan taku," in ji ta. "Amma da sassafe, kafin in yi wanka."

Ai in mace ta yi wankan safe ta ɗaura zanen alharini don girki, ba mai taɓa ta. Kafin wanka kuwa, duk abin da ya taɓa jiki ruwa zai tafi da shi.

Akka ta zo tana haki. Ta durƙusa, ta latsa nan, ta lanƙwasa can, fuska a murtuke kamar a asibiti. Sannan ta miƙe da murna.

"Ayi, ƙalau kike! Gwiwar nan ta fi tawa ƙwari."

"To, sannu likita," in ji Ayi. "Abin da aka ƙetare teku aka koyo ke nan?" Ta juya mana baya.

Na bi Akka har bakin ƙofa. "Ke dai karatu ya cinye miki wayo," na ce. "Matar da ta hau dutse shekaranjiya zuwa wurin bauta, ta bar ni a baya ina nishi? Gwiwa kika zo dubawa?"

Ta tsaya da jaka a hannu. Idonta ya cika.

Washegari tun kafin a yi shara ta iso.

"Ayi, jiya na yi garaje. Ciwon nan mai naci ne, sai an riƙa murzawa kullum."

"Ni ma ai haka na gani," in ji Ayi, ta miƙe ƙafa.

Akka na murzawa, Ayi ta dafa kafaɗarta, wai don ta ji daɗin zama. Daga kafaɗa hannun ya koma kumatu.

"Dubi yadda kika rame. Wa ke dafa miki abinci a can, maƙiyinki?"

Akka ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na san dole Ayi ta yi wanka ta wanke wannan taɓin, na san kuma a baranda Akka za ta ci abinci yau ma. Su ma sun sani. Ruwan da na ɗora ya tafasa ya huce, na sake ɗorawa. Rana ta ɗaga, murhun girki ko hayaƙi babu.

Can yayanmu Vinayak ya leƙo daga tsakar gida, yunwa ta ishe shi.

"Ayi, ba wanka, ba girki? Yau azumi muke?"

Ayi ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ƙara riƙe hannun Akka a kan gwiwarta.

"Kai, rufe mana baki. Likita ba ta gama ba."