Agogo Mai Shuɗiyar Wuta

Injin a-kori-kurata ya ƙone a kan hanyar Wamakko da buhu goma sha takwas na albasa a baya, kuma a daidai lokacin allurar agogon zafi tana gaya mini injin ya yi sanyi.

Sunana Maigandi, a Unguwar Rogo nake zaune. Motar tsohuwa ce mai shan gas, shekara goma sha huɗu tana hannuna, da ita nake ci da ita nake sha. Lokacin albasa in ɗauko albasa, lokacin shinkafa in ɗauko shinkafa. Agogon zafinta na asali tun kafin in saye ta ya mutu, kuma ban taɓa damuwa ba. Ina da hanyata. Kowace tafiya, in na kai wani iccen dogon yaro da ke bakin titi, sai in tsaya, in ɗaga bonet, in naɗe tsumma a hannu in buɗe lagireto, in ƙara ruwa daga jarka. Zuwa da dawowa. Ko mai kaya na zagina don sauri, sai na tsaya.

A bana ne murfin lagireton ya tashi a hannuna, tururi ya sale mini fata daga wuyan hannu har gwiwa. Matata Atika tana shafa mini magani tana faɗa.

"Malam, kowa na da agogo cikin motarsa, kai kana gwaji da hannunka. Hannu nawa gare ka?"

Kwana uku maganar na cina, na kasa zama wuri ɗaya. A na huɗu na tafi shagon Mamman mai kayan gyaran mota, wajen Ƙofar Taramniya.

"Alhaji, sannu da zuwa! Mi kaka so?"

"Ban je Makka ba. Agogon zafi."

Ya fito da guda biyu ya ajiye a kan kanta. Ɗaya baƙi ne, mummuna, da doguwar wayar tagulla a naɗe a bayansa kamar maciji. Ɗayan a cikin kwali mai sheƙi. Mamman ya jona shi da batir, fuskar ta kama da shuɗiyar wuta, allura ta zagaya ta dawo.

"Wanga baƙin na tsohin direbobi na," in ji shi. "Kan injin aka ɗaura shi. Wanga mai wuta ko, tiyo kawai za a yanka a saka hancinai mai jin zafi, minti talatin an gama."

Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan. Na fita na dawo. Na ce ya ba ni duka biyun in nuna wa bakanikena, wanda ban so ba in maido.

Luka shi ke gyara mini mota shekara da shekaru. Mutumin Kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a Sakkwato har furfura ta fito masa a nan. Ya juya agogunan, ya leƙa cikin injin, ya sa yatsa a wani wuri da tsatsa ta cinye.

"Malam Maigandi, baƙin za ka sa. Ga gurbinsa nan a kan injin. Amma ƙarfen tsohon agogon ya karye a ciki, sai na huda na fitar da shi a hankali, na sake yanka zare. Ka bar mini ita kwana biyu."

"Kwana biyu? Cikin albasa?"

"To, kwana ɗaya da rabi."

"Luka, sawu uku nake yi a rana. In na ajiye mota kwana biyu, manoman nan wani za su kira, kuma in sun saba da shi na gama."

"Mai wutar nan a tiyon sama za a sa shi. Zafin ruwan da ke wucewa yake ji, ba zafin injin ba. In ka sa shi, kar ka bar duba ruwa."

"In zan ci gaba da duba ruwa, mi ya sa na saye shi? Don ado?"

Ya yi dariya. "Kai dai gardama. Ko da akuya aka bar ka sai kun yi."

"Yanka tiyon."

Ya yanka. Kafin in gama cin rogon da na saya a bakin gareji, agogo na zaune a kan dashbod yana haske. Na mayar wa Mamman baƙin.

Sati biyu na farko ban ga laifinsa ba. In na tayar da mota da safe allura na ƙasa, kafin in fita gari ta hau ta tsaya kan casa'in. Ranar farko na tsaya a gindin dogon yaro don sabo. Rana ta biyu na rage gudu kawai. Daga nan wucewa nake, har jarkar ma na sauke ta a gida don ta bar wa buhu wuri. Sawuna ya koma huɗu. Amma ban samu natsuwa ba. Dā idona na kan hanya, kunnena na kan inji. Yanzu kowane lokaci ina leƙen allura.

Ranar da abin ya faru, albasar Gazali na ɗauko. Tare munka yi ƙuruciya da shi, ya koma noma a fadamar Wamakko. Sawu na uku ne, bayan azahar, rana kamar ta narka kwalta. Yana zaune gefena ya cire hula yana fifita.

Allura ta wuce casa'in, ta taɓa ɗari. Na sassauta ƙafa. Na ce a raina in ta ƙara ko kaɗan zan tsaya. Sai ta tsaya cak, ta yi rawa, ta fara sauka. Casa'in. Tamanin. Saba'in.

"Ka gani?" na ce wa Gazali. "Cikin ranar ga, da kaya niƙi-niƙi, tsohuwa na sanyaya kanta."

"Awo. Ni dai wari nika ji."

"Albasarka ta. Ka tuge ta ba ta ƙosa ba."

"Maigandi, na san warin albasa tun kana yawo ba wando. Wanga warin ƙuna na."

"Kai ad direba ko ni?"

Ni ma na ji warin, ba zan yi ƙarya ba. Dā ko rabinsa na ji, da na tsaya. Amma na dubi allura, tana kan sittin, shuɗiyar wutarta na haske lafiya lau. Na taka mai don mu isa kasuwa kafin masu manyan motoci su gama lodi.

Ba mu yi tafiyar minti biyar ba ƙarfin motar ya ragu. Na sauko da giya. Sai wani ƙara daga ciki, kamar ana buga ƙarfe da guduma, sau uku ko huɗu, ta yi tari ta mutu. Da ƙyar na gangara da ita gefen titi. Bonet ɗin bai taɓuwa. Da na samu na ɗaga shi da tsumma, fenti na tafasa a jikin injin, babu ɗigon ruwa a lagireto. Tiyon ƙasa ya tsage, ruwan ya tsiyaye a hanya tun can baya.

Gazali ya tare wata mota, anka kwashe albasarsa ina tsaye ina kallo. Har zai shiga ya juyo ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya tafi.

Anka jawo motata garejin Luka da igiya. Ya kwance kan injin, na kasa zama, ina zagaya motar.

"Ƙarya agogon ya yi mini," na ce.

"Bai yi ƙarya ba. Ruwa ya ƙare, hancinsa ya zauna a iska. Abin da ya ji shi ya faɗa maka."

"To gasket ɗin da ke ƙarƙashin kan injin ne kawai ya ƙone? A sa wani."

Ya kira ni da hannu. Kan injin ya tsage tsakanin gidajen fistin biyu. Fistin biyu sun kama, ko da guduma ba su motsi. Ya goge wani wuri da tsumma ya nuna mini wata tsaga siririya a jikin injin kansa.

"Wannan ba ya gyaruwa, Malam Maigandi. Sai wani inji."

Sati uku na yi ina yawo. Na je duk inda aka ce akwai inji irin nata, har Gusau na je. Wanda na samu, kuɗinsa ya fi abin da motar duka za ta yi a kasuwa. Na dawo na ce wa Luka a yi walda. Ya ce zai yi in na matsa, amma ba za ta kai Wamakko ba. Na je wurin wani bakaniken, shi ma haka ya ce. A cikin wannan yawon albasa ta ƙare, manomana sun saba da wani direba daga Dundaye.

Atika ba ta sake ta da maganar agogo ba, ni ma ban ɗora mata ba. Ita agogo ta ce, ba ta ce wanne ba.

Ranar Laraba 'yan gwangwan sunka zo garejin da abin yankan ƙarfe da sikeli. Ban tsaya na ga an sa mata wuta ba. A kilo sunka saye ta. Yanzu motar wani ɗan kasuwa nake tuƙawa, wanda na girme shi da shekara ashirin, kuma kullum da la'asar sai na tsaya a ƙofar shagonsa na jira ya gama waya kafin in miƙa masa makulli.