Geng da Tsinken Turare

Turaren da Geng yake kunnawa ya yi kauri da yawa. Abin da ya ɓata lamarin ke nan, kuma babu wanda ya lura a cikinmu sai da aka sa Geng a akwatin gawa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ba ta ma kai ƙirjina ba. Ni awara nake yi, da sassafe nake niƙan wake, don haka duk abin da yake yi a tsakar gida a kan idona ne. Zai fito da 'yar singileti, ya yi sassarfa zuwa gonar masara ya dawo yana tari, ya ɗora ƙafa a kan katangar yana miƙe jijiya. Daga nan sai ya kafa tsinken turare a tukunyar toka, ya ware ƙafafu ya sauko da ƙugu kamar wanda ke kan doki alhali babu dokin. Tsayuwar doki ke nan ta 'yan kung fu.

"Yaya Geng, in kashi kake ji ga masai can," na ce masa.

"Ji da wakenka, Tian. Bakinka ya fi awararka tsami."

Bai ƙarasa ba cinyoyinsa suka hau rawa, ya zube. Turaren ko rabi bai ci ba.

Shekararsa sittin ba ɗaya a lokacin. Suna yara aka kai su wajen malamin kung fu rana ɗaya, shi da abokinsa Qiao Defu. Ba a yi wata ba uban Geng ya kwanta ciwo, aka cire Geng aka tura shi fasa dutse. Can ya ƙare ƙuruciyarsa, ya dawo da huhu kamar buhun siminti. Shi kuwa Qiao ya zauna, yau shi ne malami a garin. Da Geng ya ajiye aiki sai ya ɗauki kwalbar giya ya je wajen Qiao ya ce a karɓe shi ɗalibi. Qiao ya ce ƙa'idar gidan ba ta san abota ba: ba a koya wa mutum ko naushi ɗaya sai ya iya tsayuwar doki har tsinken turare ya cinye. Ranar da ya iya, ya zo ya miƙa masa shayi, in Qiao ya sha ya zama malaminsa.

Geng ya wuce shagon bakin haikali ya sayo irin turaren da ake kunnawa ranar sabuwar shekara, mai kaurin yatsa. Ya ce ba a kai ƙaramin turare wajen babbar magana, kuma shi yadda ya tuna, turaren tsohon malaminsu ba ya ƙarewa. Ni ban taɓa leƙa gidan horon ba, turare turare ne a wajena.

Tun bazara yake abu ɗaya har aka karya masara. Matarsa Cuilan ta yi faɗa har ta gaji.

"Tsohon banza, likita cewa ya yi ka riƙa tafiya a hankali, bai ce ka hau dokin iska ba!"

"Saura kaɗan, uwar yara."

"Saura kaɗan ka bar ni da kaji."

Ranar da ya faɗi akwai sanyi. Na gama tace wake, na dafa, na zuba a ƙyalle na danne da dutse, na ɗago kai na gan shi yana nan a tsaye yadda na bar shi. Gumi ya jiƙe singiletin, leɓɓansa sun yi shuɗi. Na buɗe baki in yi masa tsiya, sai na ga yadda ya kafe turaren da ido, na fasa. Can ya tafi gefe guda a hankali, kamar buhun da aka jingine ba daidai ba. Na tsallake katanga.

A asibiti suka ce a mayar da shi gida. Bai kai ƙarshen mako ba. Na kai masa kunun gero, bai iya sha ba, sai ya kama hannun rigata.

"Tian, turaren ya cinye?"

"Saura kamar gaɓar yatsa."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Kai ko ƙarya ba ka iya yi wa mai mutuwa ba."

Ranar makoki Qiao ya zo. Ya rusuna gaban hoton Geng, yana juyowa idonsa ya faɗa kan tukunyar toka a tsakar gida, cike da guntayen turare. Ya zaro ɗaya yana juya shi.

"Wannan na mene ne?"

"Aikin da ka ba shi mana," in ji Cuilan.

Sai ya laluba aljihu ya fito da irin turaren da suke kunnawa a gidan horo. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, bai kai rabin tsawon wancan ba.

"Ko yarana masu jini a jika ba su iya rabin na Geng," ya ce. "Matar yaya, ai tun damina ya cika ƙa'idar."

"Daga gidanka zuwa nan ko taba ba ka shanyewa. Me ya hana ka leƙo?" in ji ta.

"Na san huhunsa. Na ɗauka zai gaji ya bari."

Cuilan ta shiga ɗaki ta zubo shayi a kofin Geng, ta ajiye a gaban hoton. Qiao ya kafa siririn tsinkensa a cikin toka ya kunna, ya sa hannu biyu ya ɗauki kofin ya kurɓa, ya mayar.

Muna tsaye mu uku turaren ya cinye tas. Sauran shayin ko hucewa bai yi ba.