Sabulu a Kan Fambel

A shekarun nan da sabulu ya zama abin bin layi, gero kuma ya ƙi yin amfanin kirki, akwai wani direba a Zakirai da ake ce wa Dallatu. Yana da tsohuwar akori-kura, yana ɗaukar awaki da buhuna da mutane zuwa Kano. Ba mugun mutum ba ne. Yana salla a kan lokaci, ba ya shaye-shaye, ba ya cutar fasinja. Aibinsa guda ne: ya fi tsoron a gan shi cikin matsala fiye da tsoron matsalar kanta.

Da damina ta faɗi sai motar ta fara kuka. Fambel ne ya saki, wato igiyar robar nan da ke juya fanka da altaneta, injin da ke cajin batir. Da an tada mota sai ya fasa wata ƙara mai tsini, sak mace ta kama hanci tana guɗa. Duk tasha aka san ta da wannan.

"Ga amarya nan tafe!" in ji Ɗan Iya, wani direba mai bakin tsiya, duk lokacin da Dallatu ya shigo. "Yau kuma gidan wa za a kai ta? Ka ce mata ta rage murya, ango ya ji."

Dallatu ya kan yi dariyar yaƙe.

Mai gyaran wutar mota ɗaya ne a garin, Malam Badaru, kuma shi ne mahaifin Rahmatu, matar Dallatu. A nan gizo ke saƙa. Mutum ba ya tsayawa gaban surukinsa yana ciniki, ba ya haɗa ido da shi, balle ya tsaya a kansa yana kallonsa ya sunkuya cikin inji. Ga shi tsohon ba ya karɓar ko sisi a hannunsa. Can baya da ya kai motar, Malam Badaru ya gyara, ya goge hannu, ya ce, "Je ka, Allah ya tsare hanya." Dallatu ya dawo gida yana jin kamar bara ya je. Ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai sake ba. Kano kuwa, in ka kai mota sai su ce a sayi sabo, sabon kuma babu shi a kasuwa.

Sai ya bi dabarar 'yan tasha. Ya ɗauki sabulun wankan Rahmatu, ya buɗe bonet, ya goga a cikin fambel ɗin. Kukan ya ɗauke ɗif. Ya ji daɗi ƙwarai, bai tambayi kansa ba ko abin da ya yi shiru ya warke ne.

Bai warke ba. Sabulu santsi yake ƙarawa, igiyar tana zamewa a kan ƙarfenta ba tare da ta juya altaneta yadda ya kamata ba. Jar fitilar batir da ke gaban direba ta fara ƙiftawa. Dallatu ya jingina kwalin ashana a gabanta. Batir ya fara sanyi da safe, sai ya koma ajiye motar a kan tudun bayan masallaci, ya sake ta ta gangaro ta tashi da kanta.

"Malam, wai ɓeraye sun koma cin sabulu ne?" Rahmatu ta tambaye shi wata rana, tana juya guntun a hannunta. "Dubi yadda ya yi kwari a tsakiya."

"Yunwa ce, ta kama kowa," ya ce, ya sa takalmi ya fita.

Ana haka mahaifiyar Rahmatu, Inna Kaltume, da ta daɗe kwance a wani asibiti a Kano, ta cika. Da hantsi Mati, ƙanin Malam Badaru, ya iske Dallatu a tasha.

"Yaya ya ce ka zo mu ɗauko ta. An sa jana'iza bayan la'asar, an fara haƙa."

Dallatu ya yi salati, ya yi addu'a, ya ce to. Ya saki motar daga tudu ta tashi, sai ga guɗar nan ta dawo, ta cika unguwa. Ya hango dawowarsu. Gawar surukarsa a baya, mijinta na zaune kusa da ita, mota kuma tana rangaɗa guɗa tun daga Kano har ƙofar gida? Me mutane za su ce? Rumfar Malam Badaru tana nan bakin hanya da sifanoninta a rataye, Mati ma ya san inda makullin yake. Dallatu bai bi ta can ba. Ya ce wa Mati ya jira shi zai duba ruwa, ya zagaya, ya ciro sabulun daga aljihu, ya dirza shi a fambel ɗin ciki da waje, har ya kusa ƙarewa. Mota ta yi tsit kamar sabuwa.

"Ashe ka gyara amaryar," in ji Mati.

"An taɓa ta," in ji Dallatu.

A asibiti ya kashe inji, domin ba a barin mota tana ruri a inda ake fito da mamaci. Ya durƙusa nesa kaɗan ya yi wa surukinsa gaisuwa, idonsa a ƙasa. Malam Badaru ya amsa a hankali. Aka shimfiɗa tabarma a bayan motar, aka kwantar da Inna Kaltume, aka rufe ta da zane. Tsohon ya hau ya zauna a gefenta, Mati ya shiga gaba. Da Dallatu ya murɗa makulli, injin ya yi nishi, ya sake nishi, da ƙyar ya kama. Ya san abin da wannan nishin ke nufi. Ya sa giya, suka kama hanya.

Sun wuce Gezawa lafiya. Gonaki dama da hagu, gero gajere ya yi yaushi, manoma sun sunkuya suna maimai. Wani jaki ya tsaya a tsakiyar titi, Dallatu ya danna hon, sai ya ji wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya mai mura. Allurar da ke nuna zafin inji ta hau. Can injin ya fara tari, ya fizga, ya fizga, ya mutu. Motar ta gangara gefen hanya ta tsaya a ƙarƙashin wata ɗorawa.

Ya murɗa makulli. Ko ƙyas.

"Mai ne ya ƙare?" in ji Mati.

"Akwai mai."

"To mene ne?"

Dallatu ya sake murɗa makulli. Ya ji motsi a baya. Malam Badaru ya sauko a hankali, ya zagayo gaba.

"Buɗe min," ya ce.

Dallatu ya buɗe bonet, ya ja da baya, ya tsuguna. Tsohon ya leƙa, ya danna fambel da babban yatsa, igiyar ta lotsa kamar zariyar wando. Ya shafa cikinta, ya duba yatsunsa, ya murza, ya kai hanci. Sa'an nan ya zagaya ya leƙa ta tagar direba, ya ɗauke kwalin ashanar, ya duba, ya mayar da shi inda yake.

Da zagi ya yi, da Dallatu ya samu sauƙi. Bai yi ba.

"Kana da sifana?"

"Akwai, Baba."

"Da ƙarfen cire taya. Mati, ɗebo min yashi."

Ya naɗe hannun rigarsa, rigar da ya kwana da ita a bakin gadon matarsa. Ya dirje fambel ɗin da yashi da tsumma har santsin ya fita. Ya sassauta notin altaneta, ya sa ƙarfe ya banƙaro shi baya har igiyar ta miƙe, ya ce wa Mati ya riƙe, ya ɗaure. Ya zuba ruwa a lagireto. Aikin da Dallatu ya shafe damina yana gudu bai kai tsawon shan furar mutum ɗaya ba.

"Yanzu zai yi caji," in ji Malam Badaru. "Amma batir ya mutu. Sai an tura."

Dallatu ya dubi rana, ta riga ta karkata. Can Zakirai mutane sun yi sahu suna jira, kabari a buɗe, Rahmatu na cikin gida tana sauraren ƙarar mota.

"Baba, ka shiga ka riƙe sitiyari, ni in tura."

"Ni wuta na iya, ban taɓa tuƙi ba. Mati ma haka. Shiga."

"Baba, don Allah..."

"Shiga, Malam Dallatu. Ita ake jira, ba ni da kai ba."

Wasu manoma biyu suka ajiye fartanya suka zo. Da suka ga abin da ke bayan motar suka yi salati, suka cire huluna suka sa a aljihu. Dallatu ya zauna a kujerarsa, ya sa giya, ya taka kuloci. Ta madubi yana ganin komai. Ga surukinsa, dattijo mai furfura, ya kafa kafaɗa a jikin motar da matarsa ke kwance a ciki, takalminsa na zamewa a tsakuwa, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Shi kuwa mai ƙarfi a jika yana zaune, ana tura shi. Wannan ita ce kunyar da ya yi ta tattali: ya ƙi tsayawa gaban tsohon na ɗan lokaci, ga shi ya sa tsohon a bayansa.

Tashin farko ta ƙi. Suka sake turawa, tsohon na haki. Ya saki kuloci, motar ta yi tsalle, ta kama. Babu guɗa. Ya ture kwalin ashanar ƙasa, jar fitilar ta mutu.

Sun iso rana ta yi ja. Wasu tsofaffi sun gaji da tsayuwa sun zauna a gindin katanga. Aka yi mata wanka a gaggauce, aka sallace ta, aka rufe ta ana shirin kiran magariba.

A wurin zaman makoki wani ya tambayi abin da ya tsayar da su. Dallatu ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya cancanta.

"Mota ce ta ɗan tsaya," in ji Malam Badaru. "Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya bar aikinsa ya ɗauko ta."

"Amin, amin," in ji jama'a, har da Ɗan Iya. Kowane amin Dallatu ji yake kamar an tsula masa bulala.

Da aka tashi sallar isha, Malam Badaru ya bi ta kusa da shi. Bai dube shi ba, ya dai rage murya.

"Fambel ɗin ya ci ya ƙare, ba zai kai kaka ba. Akwai wani a rumfa, na ajiye maka tun ranar da na fara jin kukanta. Bayan addu'ar uku ka kawo ta."

Dallatu ya durƙusa. Hannunsa ya taɓa aljihu, ya ji guntun sabulun yana nan.

"To, Baba," ya ce.