Igiyar Labule a Wuyan Auta

Tun kafin a kunna makirfo Gatari ya san yau sai an ji kansu da ƙaninsa. Gatari ba sunan yanka ba ne, masu karatu ne suka laƙaba masa, don a littattafansa na farko duk wanda zai mutu sai an raba masa kai biyu. Ƙanin kuwa har a bangon littafi Auta yake sa wa. Su biyun duk labaran kisa da farautar makasa suke rubutawa, amma a 'yan shekarun nan littafin Auta ake bin layi a saya. Abin yana cin Gatari a rai, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

A saman wani babban kantin littattafai aka shirya taron, ɗaki mai dogayen tagogi, rana ta ƙwalle har sai da aka ja labule. Kujerun roba sun cika, wasu na tsaye jikin kantoci da littattafai a hammata. A ɗan dandamalin gaba aka zaunar da su biyun a kujerun katako, mai gabatarwa a tsakiya, wata 'yar jarida mai siririn tabarau.

"Ana cewa ba ku rubuta faɗa sai kun gwada shi a jikinku," in ji ta. "Gaskiya ne, ko dabarar talla ce?"

Gatari ya naɗe hannun riga, ya nuna wani tabo mai kauri a damtse. "Wannan kwalba ce. Auta ya so ya san ko tana fashewa a bugun farko. Ba ta fashe ba, sai da ɗan albarka ya ƙara."

"Ni kuma wannan ƙofar mota ce," Auta ya ce, yana nuna giɓin haƙorinsa. "Yaya na son sanin ƙarar da take yi a fuskar mutum."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Gaskiya suka faɗa. Tun suna samari a garejin mahaifinsu suke wannan hauka, kuma doka ɗaya ce tsakaninsu: wanda ya ji wuya ya buga ƙafa a ƙasa, a sake shi nan take.

"Mai karatu ba wawa ba ne," Gatari ya ci gaba, murya ta fara buɗewa. "In ka ce an naushi mutum a ciki, ya miƙe yana zuba surutu, to ka rasa shi. Wanda aka nausa a ciki iska yake nema, ba magana ba."

"Ni abin da nake bi shi ne tsoron da ke zuwa kafin naushin," Auta ya ce. "Jini ai kowa na iya zubar da shi a takarda."

Aka tafa masa. Gatari ya ji maganar har ƙashinsa, don kowa a ɗakin ya san wa ke zubar da jini a takarda.

Sai mai gabatarwa ta taɓo babin ƙarshe na sabon littafin Auta, inda aka ɗaure wani akawu a kujera, hannu a baya, makashi ya zo ta bayansa da igiya, akawun ya fasa masa hanci da ƙeya ya tsira. Ta ce ita har yau in ta tuna sai gabanta ya faɗi.

"Wannan babin ƙarya ne," Gatari ya ce. "Ba da ni aka gwada shi ba, shi ya sa. Mutum a ɗaure ba ya yin haka."

Nan ne ciwon yake. Shi ne babi na farko da Auta ya rubuta bai kira yayansa ba.

"Haba Yaya, tausayin bayanka na ji. Ka fara tsufa."

"To tashi mu gani."

Daga layin gaba matar Auta ta girgiza kai. "Baban yara, don Allah ka zauna," ta ce. Amma jama'a sun riga sun fara ihu, wayoyi sun tashi sama. Abin da ya kawo rabinsu ke nan.

Gatari ya zare bel ɗinsa ya ɗaure hannun ƙaninsa a bayan kujera, ɗauri na mugunta. Wani ma'aikacin kantin ya yanko igiyar labule ya miƙo masa yana washe baki. Gatari ya naɗe bakinta biyu a tafukansa, ya lallaɓo ta baya, ya sunkuya zai zarga ta.

Bai ga tahowar kan ba. Ƙeyar Auta ta sauka a karan hancinsa, ya ji ƙas a cikin ƙwaƙwalwarsa, wuta ta ɗauke masa. Ya yi baya ya faɗa kan tebur, robobin ruwa suka watse, makirfo ya yi ƙara mai kashe kunne. Da ya ɗago, jini na bin gemunsa yana sauka a farar riga, yana jin gishirinsa har maƙogwaro. Ɗakin kuwa kamar zai tsage da tafi. Wata yarinya a baya dariya take har da riƙe ciki.

"Subhanallahi! Yaya, yi haƙuri, ban zaci zai kai haka ba," Auta ya ce yana waiwaye. "A kwance ni, a kawo ƙanƙara."

"Kada wanda ya taɓa shi." Gatari ya share hanci da bayan hannu, ya tofar da gudan jini. "A littafinka igiyar ta riga ta taɓa wuya kafin ya motsa. Ba mu yi daidai ba. A sake."

"Bar shi haka, Yaya. Ka ga rigarka kuwa?"

"Na ce a sake."

Auta bai taɓa ƙin bin umarninsa a gaban mutane ba. Ya gyara zama, ya yi wa matarsa ɗan murmushi.

Wannan karon Gatari ya kawar da fuskarsa gefe, ya dafe bayan kujerar da gwiwa, ya zarga igiyar, ya ja. Ƙeyar ta taho ta sami iska. Ta sake tahowa, ta sake samun iska. Igiyar ta nutse a fata, kujerar ta ɗaga ƙafafunta na gaba. Fushi ne ya ja da farko, fushin jinin da na dariyar da na layin da ake bi a kan ƙaninsa. Da fushin ne kaɗai da ya saki, don bai daɗe ba ya wuce. Abin da ya zo bayansa ya fi shi muni.

Gatari ya fara kallo. Ya shaƙe mutane ba adadi a takarda, ashe duk shirme ya rubuta. Ashe kunne ne ke fara yin duhu. Ashe wata jijiya na tasowa a gefen goshi tana rawa. Ba ihu, ba kakari irin wanda yake sa wa a littafi, sai wata 'yar ƙara kamar bututun wanka da ya toshe yana zuƙar ruwa. Yatsun da ke ɗaure suna buɗewa suna rufewa a jikin gwiwarsa. Kalmomi suka fara jeruwa a kansa da kansu, kowace na faɗawa gurbinta.

Ƙafar Auta ta bugi dandamali. Gatari ya ji ta sarai. Ta sake bugawa, ta yi ta bugawa har takalmin ya fice ya gangara ƙasa. Kaɗan dai, ya ce a ransa, bari in ga abin da ido ke yi. Jama'a na ta tafi, sun ɗauka duk cikin wasan ne. Warin fitsari ya taso, ƙafar ta koma shure-shure, sannan ta lafa.

Ƙarfen makirfo ya sauka a kunnen Gatari. Matar Auta ce, ta riƙe shi hannu biyu, ta sake kai masa a wuyan hannu har ya ji ƙashi ya amsa. Igiyar ta suɓuce. Kujerar ta kife da Auta, kansa ya daki katako, bai ko motsa ba.

Sai a lokacin tafin ya mutu. Aka yi kansa, wani na kiciniyar kwance bel, wani na salati da ƙarfi. Wata ma'aikaciyar jinya da ke cikin masu sauraro ta ture mutane ta durƙusa, ta shiga danna masa ƙirji. Gatari na zaune a ƙasa, kunne na zubar da jini, yana kallon jan layin da ya zagaye wuyan ƙaninsa, fata ta saluɓe a ƙarƙashin haɓa. Tsoro ya rufe shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Can Auta ya ja wani numfashi mai gurnani, ya yi tari, jini da kumfa suka biyo.

Aka ciccibe shi aka sauka da shi bene. Gatari ya bi su yana dafa bango. A bakin titi an riga an kwantar da Auta a bayan motar wani, Gatari ya kai hannu zai buɗe ƙofa, matar ta tare shi da jikinta.

"Ina za ka?"

"Ƙanina ne. Wallahi ban ji ƙafarsa ba, tafin ya yi yawa."

"Ka ji ta, Yaya." Muryarta ba ta ko rawa. "Ina gabanka, ina kallon fuskarka. Da fushi na gani da na ce sharrin shaiɗan ne. Leɓenka ne ke motsi. Haka kake yi a teburinmu in kana haɗa jimla. Mijina na mutuwa a hannunka, kai kana rubutu."

Gatari ya kawar da kai. Ta gilashin motar ya ga idon Auta a buɗe, ja wur, yana kallonsa. Auta ya ji duk abin da ta faɗa. A hankali, da wuyan nan nasa, ya juyar da fuska ga bayan kujera.

Motar ta tashi. Gatari ya tsaya a rana, wando na zamewa don babu bel, masu wucewa na kauce masa. Ya so ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Jimlar kuwa tana nan daram a kansa, ba abin gyarawa, kuma ya san a duk rayuwarsa bai taɓa haɗa wadda ta kai ta kyau ba.