Babbar Ganga da Jirgin Baba Kolo

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Tukur makanike ya tafka abin da ya hana shi sakat.

Baba Kolo ke da jirgin fito a wata mashiga ƙasa da Haɗeja, jirgin katako mai ɗaukar jakuna huɗu da kayansu, kuma da shi yake ciyar da gidansa. Duk shekara in ruwa ya janye, sai ya kira gayya, maza arba'in su jawo jirgin kan gaɓa a liƙe shi da kwalta. Tukur kuwa ya yi shekara biyu a gareji a Kano, ya dawo yana jin kansa.

"Baba, bana kada ka kira kowa," in ji shi. "Injina zai jawo shi kana kishingiɗe."

"To, ɗana, kai ka san ƙarfe. Ni ruwa na sani."

Ya samo injin ban-ruwa, ya ciro giya daga wata matacciyar motar gyaɗa, saura gangar da za ta naɗe igiya. Biyu gare shi: siririya da ba ta kai kaurin turmi ba, da ƙatuwa wadda ya yi da wilin mota. Kada wani ya ce bai sani ba, wallahi ya sani sarai! Siririya da giya ta ɗaya tafiyar hawainiya suke, amma ba sa gazawa. Babba gudu gare ta, ba ƙarfi. Har lissafi ya yi da tsinke a ƙasa, lissafin ya ce siririya. Sai ya tuna 'yan kallo, kada a ce jakin Bakari mai dakon yashi ya fi injinsa sauri. Ya sa ƙafa ya share lissafin, ya ɗaura babba, ya sa giya ta uku.

Ranar, da hantsi, jirgi ya taso a guje bisa gumaguman da aka jera masa, mata na rangaɗa guɗa. Igiya tana hawa kan igiya, ganga tana ƙara kauri, ga gaɓa tana ƙara miƙewa. Saura taku goma injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Ganga ta juya da baya. Jirgin ya gangara ya daki wani kututture, ya tsage tun daga goshi har gindi. Mutanen da za su tare shi kuwa suna fadama suna yankan shinkafa, don ba wanda ya kira su.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce katakon ya ruɓe, wasu suka ce maganin tsohon ke nan, tunda ya raina gayya. Ba wanda ya san wani abu wai shi giya ta uku, balle ya tambaya. Tukur ya ja bakinsa ya tsuke, kunya da tsoro suna cin sa. Sau uku yana zuwa zauren Baba Kolo da niyyar faɗin gaskiya, sau uku yana ƙarewa a gaisuwa da jaje.

Ran Juma'a da la'asar ya dawo gida, ya tarar matarsa Barira ta ɗora tuwo, wuta na ci bal-bal, tsakar gida sai warin kwalta.

"Ina kika samo wannan icen?"

"Inna 'Yar'azumi ce ta kawo da kanta, matar Baba Kolo. Sun faskare jirgin sun raba wa maƙwabta, namu ya fi na kowa yawa. Wai Baba ya ce a ba ka haƙuri, jirginsa ya kashe maka inji."

Tukur ya durƙusa gaban murhu, ya sa hannu ya zaro katakon daga cikin wuta.