Ruwan Fadama a Lagireto

Da can, in aka ambaci Tamba bakanike a tashar motocin Argungu, direbobi kan ce kunnensa ya fi sifana aiki: ya saurari inji kaɗan, ya faɗa maka ciwonsa. Yanzu kuwa cewa suke yi tsufa ya kama shi, abin da ya taɓa sai ya lalace. Garejinsa na unguwar Badariya ya koma wurin kwanciyar awaki. Kuma maganar daga bakin Riskuwa ta fito, abokinsa tun na ƙuruciya.

Riskuwa ne ya tsaya a tasha yana kumfar baki, wai Tamba ya canja wa motarsa fanbel, bel ɗin fankar inji, washegari gaskit ɗin injin ya ƙone. Abin da bai faɗa ba shi ne, ranar ya labta wa tsohuwar motarsa buhunan shinkafa daga Zauro fiye da ƙarfinta. Ta yi zafi a tsakiyar fadama, shi kuwa ya kamfaci ruwan gona a bokiti, da lakarsa da komai, ya ɗura mata a lagireto tana huci. Kunya ta hana shi faɗin gaskiya, maganar kuma ta riga ta zaga gari.

Wani bakaniken ya sa sabon gaskit, amma zafin bai daina ba. Yau da hantsi motar ta sake macewa a hanyar Argungu. Hodi, wani direban tasha, ya ɗaura mata igiya ya jawo ta da Riskuwa a ciki, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar Tamba.

"Duk Kabi ba mai taɓa wagga tsohuwa sai shi," in ji Hodi. Ya ɗaga murya yana dariya. "Baba Tamba, ga aikinka mun maido maka!"

Tamba ya taso daga benci a hankali. Ya gaida Riskuwa, har ya tambayi iyali, sannan ya buɗe bonet ya tsuguna ya kwance tiyon ƙasan lagireto. Ruwa ya tsiyayo baƙi ƙirin, mai kauri kamar kunu, da ƙaiƙayin shinkafa a ciki. Ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya ɗago ya dubi Riskuwa.

"Mi ka gani, Baba?" Hodi ya matso yana leƙe.

Tamba ya sa takalmi ya turo ƙasa ya rufe lakar.

"Tsatsa ce," ya ce. "Tsohuwar mota haka take. Da na wanke lagireton tun farko, da ba a kai nan ba."

"Ka ji ko! Ai mun hwaɗi, hannun ya tahi," in ji Hodi.

Tamba ya juya yana neman bokiti. Riskuwa ya kalli bayan abokinsa da ya ranƙwafa, ya kalli filin garejin da babu mota ko ɗaya sai tasa. Ya tsuguna, ya tone ƙasar da hannunsa, ya ɗebo lakar ya miƙa wa Hodi har gaban hanci.

"Dubi da kyau. Wagga ba tsatsa ba ce, lakar Zauro ce. Ni na zuba da hannuna, na koma tasha na yi mishi ƙarya."

Dariyar Hodi ta tsaya. Riskuwa ya juya, laka na ɗiga daga yatsunsa.

"Tamba, na cuce ka. Don Allah ka yahe mini."