Gwaten Anti Magdalena

Juwairiyya ta yi wa kanta alkawari wannan karon ba za ta kashe kanta a kicin ba. Bara da ta gayyaci 'yan ofishinsu, tun asuba take tsaye a kan tukwane, har baƙi suka ci suka tafi ba ta zauna da kowa ba. Don haka da suka tare a sabon gidansu na Jabi, sai ta buɗe guruf a waya, ta zuba mutum shida, ta rubuta cewa ranar Asabar bayan magariba kowa ya zo da abu ɗaya. Ita za ta yi shinkafa da miya da gasasshiyar kaza. Ba ado, ba wahala, a ci a yi hira kawai.

Patricia, wadda teburinsu ɗaya a ofis, ta ɗauki salak. Wani ya ɗauki zoɓo. Anti Magdalena kuwa, wadda ta girme su duka, kuma ita ta koya wa Juwairiyya aiki tun tana sabuwar ɗauka, ta rubuta: “Ni gwate zan kawo, irin namu na Jos.” Faten acca ke nan, mai ganye da gauta da gyaɗa.

Da hantsin Asabar Juwairiyya tana jera sababbin farantanta farare, sai ƙanwarta Nabilah ta aiko daga Kaduna tana tambayar yadda shiri ke tafiya. Hannunta ɗaya riƙe da tsumma, ta danna wayar ta kai baki don tura mata saƙon murya.

“Ke dai bari, komai ya tafi daidai, sai Anti Magdalena da za ta kawo min gwate. Gwate fa, Nabilah! A kan teburina, sai ka ce jinya ake yi. Wallahi da ruwan roba ta kawo ma da na fi so.”

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta tura, ta ci gaba da aikinta.

Sai da ta ji shiru ya yi yawa ta duba ko Nabilah ta amsa. Saƙon ba wajen Nabilah ya je ba. Yana cikin guruf, a ƙarƙashin maganar zoɓo. Ta duba waɗanda suka saurara: Patricia, sai Anti Magdalena. Ta goge shi, ta zauna daɓas a ƙasan kicin, gumi na keto mata duk da fanka na juyawa.

Sau uku tana nemo lambar Anti Magdalena tana fasa kira. Ta rubuta ban haƙuri mai tsawo, ta karanta, ta ga kamar ƙara ɓata abin zai yi, ta share. Mijinta Sadisu ya shigo ya ga idonta ya yi ja, ya tambaye ta ko lafiya, ta ce albasa ce.

Bayan magariba baƙi suka fara sallama. Anti Magdalena ce ta zo ƙarshe, daga can bayan Mararaba take, cunkoso ya riƙe ta. Ta shigo cikin atamfarta ta zuwa coci, rungume da ƙunshin ruwan roba.

“Ga ruwa, 'yata. Allah ya sa albarka a sabon gida.”

Fuskarta a sake take, ba alamar komai. Juwairiyya ta karɓa da hannu biyu, ta wuce da shi kicin.

Liyafar ta tafi yadda ta yi fata tun farko. Kowa ya zuba da kansa, ana ta raha, ba wanda ya nemi wani abu aka rasa. Ga ta zaune cikin baƙinta kamar yadda ta so, amma ko rabin abincinta ba ta ci ba. Ana cikin haka Sadisu ya leƙa kulolin da ke kan tebur ɗaya bayan ɗaya.

“Anti, ina gwaten? An ce min za ki kawo, tun rana na ƙi cin komai saboda shi.”

Patricia ta sunkuyar da kai tana juya cokali a faranti. Juwairiyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

“Ai oga, yau bai yi kyau ba,” in ji Anti Magdalena tana murmushi. “Gishiri ya yi min yawa. Wata rana dai.”

Da aka gama ci, Anti Magdalena ta tattara faranti ta nufi kicin, halinta ne duk gidan da ta je. Juwairiyya ta bi ta, ta tura ƙofa, ta durƙusa har ƙasa.

“Anti, don Allah ki yafe min. Ba ni da bakin magana.”

Matar ta ci gaba da cuɗa faranti na ɗan lokaci kafin ta rufe famfo.

“Tashi, kayanki zai jiƙe. Ina cikin wanke acca na ji. Sau biyu na saurara, na ɗauka kunnena ne.” Ta goge hannu a gefen zaninta. “Ba kowa ke son gwate ba, yarana ma ba sa ci. Da kin kira ni kin ce Anti kawo wani abu, ba komai. Dariyar nan ne ya yi min ciwo.”

Juwairiyya ba ta ɗago ba.

“Lokacin da aka yi miki aiki a asibiti, ba ki iya cin komai, shi nake kawo miki. Kina shanyewa, kina cewa Anti gobe ma. Ni na ɗauka kina so ne da gaske.”

Sai a lokacin Juwairiyya ta tuna ƙaramar kular nan mai ruwan ɗorawa, kwana tara a jere, da matar da ke hawa mota biyu bayan an tashi aiki don ta kawo mata. Hawaye suka zubo mata.

“Na yafe,” in ji Anti Magdalena. “Share fuskarki, baƙinki na jira. Miƙo min wancan tukunya.”

Ranar Litinin sun gaisa lafiya lau, aiki ya tafi yadda aka saba. Amma da lokacin cin abinci ya yi, Anti Magdalena, wadda a da take buɗe kularta a tsakiyar ofis tana kiran kowa ya sa hannu, ta ɗauka ta fita. Ta taga Juwairiyya ta hango ta zaune ita kaɗai a kan benci, ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke wajen ajiye motoci.

Mako biyu tana kallonta ta tagar nan. A na uku ta ɗauki cokali a aljihun teburinta ta sauka, ta yi sallama, ta zauna a ƙarshen bencin. Anti Magdalena ta dube ta, ta dubi cokalin, sannan ta matso da kular tsakaninsu. Shinkafa da wake ce da mai da yaji. Suka ci tare har lokacin komawa aiki ya yi.